Shagonmu na Mbamba Ba Shi da Allo

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Yau na ga abin mamaki a shagonmu na Bekaji. Wata mata ta sauka daga keke, ta tsaya daidai bakin ƙofa, waya a hannu, tana tambayar Rhoda mai tsare mana shagon wai ina ake sayar da turaren wuta a unguwar nan. A bakin shagon turare fa! Ƙamshi na dukan hancinta, amma ita wayarta ta yarda da ita, wayar kuma ta ce mata sai can hanyar filin jirgi. Rhoda ta riƙe ƙugu ta ce, "Madam, na here o. Kin taka shi ma." Matar ta sayi humra kwalba biyu tana dariyar kanta.

Da ta tafi na ɗauko tawa wayar na rubuta turaren wuta. Shaguna suka fito reras a taswirar Google, har da na yarinyar da ta fara sana'ar bara. Namu uku, ba ko ɗaya. Da na rubuta Garbai Turare, sunan Baba, sai ga jar alama ta fito tsakiyar kogin Binuwai. Wani bawan Allah ne ya taɓa sa mu, yatsansa ya zame. Na nuna wa Baba, ya ce ashe kifaye muke yi wa turare bai sani ba.

Tun da na gama bautar ƙasa nake zaman kashe wando, ko in ce kashe zani. Yau dai na sami abin da ya hana ni hamma. Ta yaya waya ke yanke shawarar wa za ta nuna, wa za ta ɓoye?

Laraba, 17 ga Afrilu

Baba ya faɗi maganar da kowa ke gudu. Bayan Babbar Sallah zai rufe shagon Mbamba, ya dawo da Ya Kellumi nan Jimeta ta huta. Ya ce shago uku muke da su a baki, biyu ne a aiki: na kasuwar Jimeta da yake zaune, da na Bekaji. Na Mbamba kuwa yini guda ba a sayen ko gawayi. Ya Kellumi yayarsa ce, kuma duk turaren da muke sayarwa hannunta ne ke haɗa shi. Ta ajiye kofin kununta rabi, ta gyara lafaya, ta fita neman keke.

Kowa a gidan nan ya san abin da ya dasa ta a Mbamba, ba ma dai faɗa. Shekarar da muka gudo daga Bama, a turmutsutsun bakin iyakar Kamaru 'yarta Zahra ta ɓace mana. Ni ina sha huɗu, ita ta ba ni shekara ɗaya. Mbamba muka fara sauka, kuma tun daga ranar duk direba, duk ɗan gudun hijira mai komawa arewa, sai Ya Kellumi ta ba shi saƙo: in ka ga Zahra ka ce mata Yola, Mbamba, bayan injin niƙa. Wannan ne adireshi ɗaya tilo da ta taɓa aikawa. Ɗauke ta daga can daidai yake da ce mata ta daina jira.

Zahra, Allah ya jiƙanta. A littafin nan kaɗai nake iya rubuta haka.

Na roƙi Baba ya bar ni da shagunan zuwa Sallah in ga ko waya za ta kawo wa Mbamba mutane. Ya ce, "Jannatu, ke dai kina son taɓe-taɓe." Bai ce a'a ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kwana uku ina karatu kamar mai jarrabawa. Abin da na gane: waya ba ta jin ƙamshi, kuma ba ta san ɗan gidan wane ba. Kowane shago sai an buɗe masa nasa shafi, da nasa adireshi, da tasa lamba, da lokacin buɗewa da rufewa. Sunan kuma ya zama iri ɗaya a ko'ina, kada a yi nan Audu can Abdu.

Mu kuwa mun yi abin da ya fi haka. A kasuwa allon ya ce Garbai Turare. A Bekaji wani mai fenti ya rubuta Ƙamshin Barno don ya ga ya fi daɗi a baki. A takardar da muke manna wa kwalba lambar Baba ce, da adireshi guda: Jimeta, kusa da kasuwa. Na Mbamba ba shi da suna sam. Mu da kanmu "wurin Ya Kellumi" muke ce masa.

Zafi yau kamar a cire fata a rataye.

Talata, 23 ga Afrilu

Na fara da kasuwa. Na ciro alamar daga kogi na dasa ta inda ya dace. Sai suka nemi in ɗauki bidiyo don su tabbatar shagon namu ne: in nuna layi, in nuna allo, in buɗe ƙofa da makulli, in nuna kaya. Baba ya sa babbar riga saboda bidiyon, ya tsaya ƙiƙam kamar hoton fasfo. Da ƙyar na fahimtar da shi ba shi ake nema ba, kwaɗon ƙofa ake nema. Ya ji haushi kaɗan.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Bekaji. Rhoda ta fi ni zumuɗi. Ta goge kwalabe, ta jera humra fara a sama baƙa a ƙasa, ta kunna kasko don hayaƙi ya fito a hoto. Mun sa an goge Ƙamshin Barno an rubuta Garbai Turare. Na yi mata doguwar lacca a kan suna ɗaya, suna ɗaya, har ta ce in na sake faɗa za ta sa wa ɗanta.

Na tambaye ta me mutane ke cewa idan sun shigo. Ta ce ba mai cewa turare kawai. Kayan amarya suke cewa, ko na tsuguno, ko na ɗaki, ko "irin na 'yan Maiduguri". Na zuba duk waɗannan a bayanin shafin da bakin da masu saye ke faɗa. Wannan sashen ya burge ni. Ashe ba abin da kake sayarwa za ka rubuta ba, abin da mai nema zai tambaya za ka rubuta.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Shafin kasuwa ya fito! Na duba shi ya fi a ƙirga, kamar mai duba jariri ko yana numfashi.

Alhamis, 2 ga Mayu

Yau na tafi Mbamba a keken Hamajoɗa. Shi ne ya ɗauko mu daga tasha ranar da muka shigo Yola da kaya a leda, ya ƙi karɓar ko sisi, tun daga nan ya zama ɗan gida. A hanya na tambaye shi yadda masu saye ke gane wurin Ya Kellumi tun da ba allo. Ya yi dariya har keken ya yi rawa. "Ni ne allon ai," in ji shi.

Ga yadda ake yi, kuma wallahi ban taɓa zama na yi tunaninsa ba sai yau. Mai so ta kira Baba. Baba ya tambaye ta wa ya ba ta lambar. In ya san mai sunan, sai ya kira Hamajoɗa, shi kuma ya ɗauko ta ya kai ta har ƙofa, ya yi sallama ya ce ga baƙuwar wance. Ba a zuwa wurin Ya Kellumi sai da ɗan rakiya da kuma sunan wanda ta sani. Shekara kusan goma ke nan. Tsofaffin masu sayenmu wasu sun koma Barno, wasu sun rasu, 'ya'yansu kuwa ba su da haƙurin wannan zagaye, lokeshan suke so a turo musu.

Na ce masa zan sa wurin a taswira. Sai da muka wuce gonakin masara da ake sharewa sannan ya ce da Hausarsa ta Fulani, "Dada Kellumi ba zai yarda ba." Ina jin har da kishi a muryarsa. Waya za ta ƙwace masa sarauta.

Ya yi gaskiya. Na same ta tana soya itacen hawi da sukari a babbar tukunya, hayaƙi ya cika tsakar gida. Ta saurare ni tsaf har na kai maganar allo. Sai ta ce in miƙo mata farcen turare in daina surutu. Na miƙa, na ci gaba da surutu. Ta ce, "Ba allo a ƙofata, 'yata." Ta faɗa a hankali, irin a hankalin da ba a sake tambaya.

Asabar, 4 ga Mayu

Me ya sa? Mace na zaune shekara goma tana jira a same ta, amma ta ƙi a rubuta inda take. Abin ya ƙi fita daga kaina.

Litinin, 6 ga Mayu

Rigimar taurari. Na ce wa Baba sai masu saye sun riƙa rubuta sharhi a shafin suna ba mu taurari, don waya ta fi yarda da wanda mutane suka shaida. Baba ya zaro ido. Wai in je in roƙi jama'a su yabe shi a bainar nasi? Ina tsoron baki? Na ce Baba ai ko a kasuwa in mace ta ce wa ƙawarta je wurin Garbai, shi ke nan sharhin, wannan dai ba ya gogewa ne. Ya ce shi ya sa ya fi haɗari.

Rhoda ba ta jira izini ba. Duk wadda ta saya sai ta ce, "Anti, abeg, ki danna mana tauraro kafin ki hau keke." Wata ta ba mu uku, ta rubuta turare mai kyau amma ba wurin zama. Baba ya kwana da maganar, washegari ya sayo benci biyu, na Bekaji da na kasuwa. Na amsa wa matar na ce mun gode, benci ya iso. Ta mayar da su biyar. Yanzu Baba da kansa ke cewa in karanto masa "abin da suka ce yau", yana yi kamar bai damu ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Matambayi ba ya ɓata, amma wani lokacin yana jin abin da ya fi ƙarfinsa.

Muna rufe shagon kasuwa da yamma na tambayi Baba kai tsaye abin da ke tsakanin Ya Kellumi da allo. Ya daɗe yana juya makulli. Ni abin da na sani tun ina yarinya shi ne an kashe mijinta, Baba Yakubu, kafin mu gudu. Ban san yadda aka yi ba, ba wanda ke ba yara irin wannan labari.

Ya ce sana'ar turare asali ta Yakubu da Kellumi ce, shi huluna yake sayarwa a lokacin. Shagonsu na Bama yana da allo kore babba, Yakubu Mai Turare, ana hango shi tun daga kwana. Yakubu ya ƙi ba mutanen daji masu bindiga abin da suka nema. Ranar da suka zo ba su san fuskarsa ba. Allon suka karanta. Suka tsaya a ƙofa suka kira sunan kamar masu saye, shi kuma ya amsa.

Baba ya ce, "Ita ta matsa masa ya yi allon. Ita ta zaɓi launin."

 Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, ni kuma na je ina kaɗa mata tsumman a fuska ina lacca. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ba zan sake yi mata maganar allo ba. An yi ruwan farko mai ƙarfi.

Laraba, 15 ga Mayu

Son sani dai bai bar ni ba. Na lura in ina Bekaji na rubuta turaren wuta kusa da ni, shagonmu ne na biyu. In na shiga cikin garin Yola, sai ya ɓace, wasu su hau. Na so in ga iyakar abin, sai na bi Hamajoɗa kai saƙo Ngurore. Duk inda ya tsaya sai in gwada. Ya ce na zama kamar mai neman ruwa da sanda.

A Ngurore ba mu fito ba ko kaɗan. To, na gane: mai neman kaya, na kusa da shi ake nuna masa. Shi ya sa shagon Jimeta ba zai taɓa jawo wa Mbamba kowa ba, sai Mbamba ya tsaya da ƙafarsa.

Sai na ce bari in rubuta sunan kansa, Garbai Turare. Nan take duka biyun suka fito, ina tsaye a Ngurore kusa da mai rake. Na kira Becky da muka yi bautar ƙasa tare, tana Jos, na ce ta gwada. Ya fito mata, har da hoton bencin Baba. Ashe hanya biyu ce. Mai neman kaya sai yana kusa. Mai neman suna kuwa, ko daga ina ne.

Wannan ya ba ni sha'awa ƙwarai, ban san me ya sa ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na je taya Ya Kellumi ɗura humra, da alkawarin da na yi wa kaina na rufe baki. Na cika rabin alkawarin. Ban ce allo ba, amma na ba ta labarin Ngurore da Jos, don bakina ba ya iya riƙe abin mamaki. Tana ɗura kwalba tana jina da rabin kunne, har na ce mai neman suna ko daga ina ne.

Hannunta ya tsaya. Humra ta cika kwalbar ta zubo a tabarma, ba ta gani ba.

"Ko daga Kamaru?"

Na ce eh, in akwai waya mai shiga yanar gizo.

"Ko mutum ba shi da wayar, in maƙwabci yana da ita?"

Na ce eh. Sai a lokacin na gane inda ta dosa: Zahra. Na yi saurin cewa sai fa in mutumin ya san sunan da zai rubuta. Ta ce, "Ita ke rubuta mana takardun kwalba. Rubutunta ya fi na babanta kyau." Ta goge tabarmar da gefen zani, ta ce in tashi in tafi kafin hadari ya sauko.

A keke na yi ta zagin kaina. Na je gyaran kasuwa na ɓuge da tayar wa tsohuwa miki. Zahra, Allah ya jiƙanta, ba za ta rubuta komai ba. Ko ba haka ba?

Talata, 21 ga Mayu

Shiru daga Mbamba. Bekaji ta sami masu saye uku da suka ce waya ce ta kawo su. Ya kamata in yi murna.

Juma'a, 24 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci sai ga Ya Kellumi a shagon kasuwa. Rabonta da shiga kasuwar Jimeta har na manta. Hamajoɗa na biye da ita yana ta yi mini alama da ido. Ta zauna a bencin da tauraro uku ya saya mana, ta ƙi ruwa, ta ce wa Baba tana son allo.

Na kusa yin guɗa. Na ce gobe-goben nan za a rubuta Garbai Turare, Mbamba.

Ta ce a'a. Zahra ba ta san wani Garbai Turare ba, kawunta mai hula ta sani. Allon zai ce Yakubu Mai Turare. A sa Bama a ƙasa. Kuma kore.

Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa yayarsa murya ba, yau ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Yaya, sunan nan fa." Ta ce ta sani, ta fi kowa sani. Ta ce shekara goma tana ɓoye wa masu kisa, ashe har da 'yarta take ɓoye wa. "In sun zo su same ni. Na gaji da zama inda ba a gani."

Ni kuma, Allah ya shirye ni, sai bakina ya ce ai ƙa'ida suna ɗaya ne a duk shagunan, in ba haka ba waya za ta ɗauka wata sana'a ce daban. Duk suka juyo suka kalle ni. Da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Asabar, 25 ga Mayu

Baba bai ci tuwo ba. Ya ce shekara goma yana gina sunansa a garin mutane. Gaskiya ne kuma. Na ce masa a bar ƙa'idata, Mbamba ta ɗauki nata suna, ba abin da zai lalace sosai. 

Alhamis, 30 ga Mayu

Hamajoɗa ya zo da safe, alluna a ɗaure a saman keke, an lulluɓe su da buhu saboda yayyafi. Na ƙirga gefensu. Uku.

Na kalli Baba. Ya ce, "Ba ke kika ce suna ɗaya ba?" Ya juya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba. Can ya ƙara da cewa in yarinya ta sauka a tashar Jimeta, kasuwa za ta fara shigowa, ba Mbamba ba. Gara ta gani tun daga nan.

Yarinya, in ji shi. Ashe shi ma jiran Zahra yake yi.

Rhoda da ta ga sabon allon ta ce wannan ne suna na uku da ta yi wa aiki ba ta motsa daga kujera ba. Da na gaya mata dalili sai ta ɗauko tsumma ta goge shi da kanta.

Asabar, 1 ga Yuni

Mun kafa na Mbamba. Hamajoɗa ne ya hau tsani, shi da ya ce shi ne allon. Yana buga ƙusa yana cewa yau an sauke shi daga mulki, sai Ya Kellumi ta ce masa wa zai riƙa kai saƙo in kira ya yi yawa? Ya ce, "Useko, Dada," wato na gode Mama da Fulatanci, ya share ido da hula wai ƙura ce, alhali ƙasa a jiƙe take.

Na ɗauki bidiyon. Na faro daga injin niƙa, na biyo lungun, na ɗaga kan allon, na sauko kan ƙofa. Dole a ga ana buɗewa da makulli. Makullin ya ƙi shiga, na ce mu sake. Ta ce kada in yanke, ta buɗe a haka.

Wurin rubuta adireshi na tambaye ta me zan sa. Ta faɗa ba tare da tunani ba, kamar karatun da aka haddace: Yola, Mbamba, bayan injin niƙa. Haka na rubuta a bayanin shafin, ban gyara ko kalma ba.

Lamba ce ta rage. Har yanzu Ya Kellumi ba ta iya riƙe wayar da baƙo zai kira. Na sa sabon layi a tawa.

Laraba, 5 ga Yuni

Canza suna ya ja mini aiki, sai da na sake tura bidiyon kasuwa da na Bekaji. Amma yau duka ukun sun fito, kowanne da alamarsa a inda yake. Na kira Becky. Ta rubuta sunan, ta karanto mini adireshin daga Jos. Na sa ta a lasifika Ya Kellumi ta ji. Ta ce a maimaita. Becky ta maimaita har sau uku ba ta tambayi dalili ba.

Talata, 11 ga Yuni

Baƙuwa ta farko da ta zo Mbamba ba ɗan rakiya: wata malamar asibiti daga cikin Yola, kayan amaryar ƙanwarta take nema. Ta yi sallama, Ya Kellumi ta daskare a zaune.  Sannan ta amsa, ta shimfiɗa tabarma, ta ba ta shinshina kusan komai na ɗakin.

Jiya kuma wani tsoho ya tsaya a kasuwa ya daɗe yana kallon koren allon. Mutumin Bama ne, yanzu yana Girei. Ya ce da turaren Yakubu aka yi auren duk 'ya'yansa. Shi da Baba suka yi ta Kanuri har la'asar. Bai san komai game da Zahra ba. Ya ɗauki hoton allon ya ce zai tura wa 'yan garinsu.

Asabar, 22 ga Yuni

Sallah ta zo ta wuce. Baba bai ta da maganar rufewa ba, ba wanda ya tuna masa. Shekaranjiya ya aika buhun siminti Mbamba a gyara dakalin ƙofa. Masu saye ba su yi yawa ba, amma ana zuwa. Ya Kellumi ta fitar da kujerarta daga tsakar gida, yanzu a ƙarƙashin allon take zama, fuskarta na kallon injin niƙa.

Layin Mbamba yana ƙara a jakata sau da yawa a yini. Nawa ne humra, kuna kawowa Jambutu, kuna buɗewa ran Lahadi. Aikin ke nan, abin da na nema ke nan. Rhoda ta ce wai ta lura ba na barin wayar ta yi ƙara biyu, kuma in baƙuwar lamba ce da Kanuri nake fara gaisuwa, sai in yi shiru kaɗan kafin in koma Hausa. Na ce mata sharri ne. Kyautata wa mai saye ne kawai, duk littafin kasuwanci ya faɗi haka.

Yau da hantsi wata lamba ta shigo mai lambobin ƙasar waje a gaba. Kafin in ciro wayar daga jaka ta katse. Na kira, ba ta shiga. Wataƙila kuskure ne, ko 'yan damfara. Ban gaya wa kowa ba. Na dai sayi ƙaramar jaka mai igiya, na rataya wayar a wuya.

Zahra tana da tabo a haɓa, inda ta faɗi daga kan katangar makaranta. Ta girme ni da shekara ɗaya, don haka bana tana ashirin da biyar.